Shekara 49 a matsayin Big Bird ba shiririta ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci da maganar da mai gabatarwarku ya yi bayan shirin da kuka nuna kan Caroll Spinney a daren Asabar. Wai dattijo ya ƙarar da rayuwarsa yana wasa da 'yar tsana, har da 'yar dariya. Haba! Anya ya kalli abin da kuka nuna kuwa?

Mutumin nan tun 1969 ya fara shiga cikin rigar Big Bird, ƙaton tsuntsun nan ruwan ɗorawa na Sesame Street, shirin talabijin na yara a Amurka, bai bar aikin ba sai 2018, yana da shekara 84, ko da yake a shekarun ƙarshe muryar kawai yake yi. Tsayin tsuntsun ƙafa 8 da inci 2. Hannunsa na dama a miƙe yake sama da kansa, da shi yake riƙe kan yana buɗe bakin, ɗan ƙaramin yatsansa na motsa fatar ido. Babu ramin leƙe a rigar. Wata 'yar talabijin ce ɗaure a ƙirjinsa, a nan yake ganin inda zai jefa ƙafa, ga takardar maganganunsa manne kusa da ita yana karantawa cikin muryar yaro. Shi ne kuma Oscar, mafaɗacin nan na cikin kwandon shara.

Da aka gama na ɗaga hannuna sama don in gwada. Wallahi ban kai minti uku ba kafaɗata ta ɗau zafi.

Ɗana na biyu ya yi jinkirin magana, mun sha zullumi ni da mahaifiyarsa. A gaban tsuntsun nan ya fara ƙirge, yana bin bakinsa, yana nuna allo da yatsa. Yanzu ya zama saurayi, kuma tare muka kalli shirin. Da aka zo inda Spinney ke ba da labarin yadda aka so Big Bird ya shiga kumbon Challenger, girman rigar ya hana, sannan kumbon ya tarwatse a 1986 da mutum 7 a ciki, yaron nan ya yi tsit, idonsa ya ciko. Cikin wannan yanayi ne ma'aikacinku ya fito yana mana dariya. Ya kamata ya nemi afuwa a shiri na gaba.

Sannan don Allah ku rage ƙarar talla. Kullum sai na dira kan rimot, ga jariri yana barci.

Naku,
Wani uba mai kallonku