Kifayena biyu sun ƙi jituwa, ni kuwa 'ya'yansu nake so

Assalamu alaikum Malam. Da fatan kana lafiya, da kai da iyali. Na daɗe ina bibiyar wannan fili naka, na kuma ga kana amsa tambayoyin masu kiwo, shi ya sa na ce bari in kawo tawa damuwar, ko da yake kiwon nawa bai wuce akwatin gilashi ba.

Shekara biyu ke nan ina riƙe da kifin adon nan baƙi wuluk mai jar jela, wanda masu sayarwa ke ce wa shak. Suna ne kawai ya ci, saboda fiffiken gadon bayansa da ke tsaye kamar na shak ɗin teku. Kifin ruwan daɗi ne, danginsu ɗaya da kifin zinare. Asalinsa ƙasar Tailan, yankin kogin Chao Phraya, inda ya yi ƙaranci har aka taɓa zaton ya ƙare a can ƙurmus. Jin wannan ne ma ya sa mini kwaɗayin in ga ya hayayyafa a gabana.

Nawa ya kai santimita 12. Yana cikin tanki mai cin lita 200, zafin ruwan bai wuce digiri 25 ba, ga matata tana aiki dare da rana. (Matatar ruwa nake nufi, Malam, kada uwargida ta karanta ta ce da ita nake.) Shi kaɗai yake mulkinsa a ƙasan tankin, yana kiwon gansakuka a jikin duwatsu, ƙananan kifayen da ke sama kuwa sai jefi-jefi yake kora su.

Wata uku da suka wuce na sayo na biyu, mai ɗan cikar ciki, wanda mai sayarwa ya rantse mini mace ce. Ina sakin ta, tsohon ya fito daga kogonsa ya jera da ita kafaɗa da kafaɗa, ya miƙe fuka-fukansa duka yana karkarwa. Ni da rashin sani na ce to, zance ya fara. Kafin minti biyar ya bi ta a guje daga wannan kusurwa zuwa waccan. Cikin mako guda jelarta da take ja jawur ta koɗe, baƙin jikinta ya koma toka-toka. Wuni take yi maƙale a bayan matata, kai sama jela ƙasa, ba ta fitowa cin abinci sai an kashe fitila. Uwargida ta tsaya kallo wata rana ta ce, "Abban yara, wannan aure kake haɗawa ko kokawa?"

Na sauya wa duwatsun wuri, na ƙara guntayen bututu da tsirrai don kada su riƙa hango juna. Kwana biyu aka samu lafiya, a na uku ya sake shata iyakarsa, sai dai wannan karon tankin ne gaba ɗaya. Ranar da abin ya ishe ni ita ce da asuba 'yata ta tsince ta a ƙasa bayan tebur, ƙura ta manne mata, tana motsa baki da ƙyar. Laifina ne, na bar murfin a ɗage. Allah ya yi da sauran kwananta. Yanzu tana wani tanki mai lita 60, jelar ta fara dawowa ja, amma ni kaina na san wurin ya yi mata kaɗan.

Shawarwarin da nake samu kuwa sun raba mini hankali. Wani abokina ya ce kuskurena ajiye biyu, wai in zuba biyar ko shida faɗan zai rarrabu, babu wanda zai sha wuya shi kaɗai. Wani kuma dariya ya yi mini. Ya ce waɗanda ke kasuwa daga gonakin kifi suke fitowa, inda ake yi musu allurar sinadarin homon kafin su zuba ƙwai, kuma da wuya ƙwarai su haihu a tankin gida. Ko sun zuba ma, watsa ƙwan suke yi ba sa gadinsa, in ba a kwashe iyayen ba su cinye abinsu. Allurar nan gaskiya ba ta kwanta mini ba. Kifin da bai fi tsawon yatsa biyu ba, ni da ban san ƙa'idar magani ba, ai kashe shi zan yi.

To Malam, zancen biyar ko shida ɗin nan dabara ce ko ƙarin gawa? In dabara ce, tanki mai girman yaya zai ɗauke su? Sannan ta yaya zan tabbatar wannan mace ce, tunda cikar ciki kaɗai aka nuna mini? An ce mini ɗan uwansa mai jajayen fuka-fukai duka ya fi sauƙin ganewa, domin namijin yana da baƙin layi a gefen fiffiken da ke kusa da jela ta ƙasa. Ko in koma kansa ne? In kuwa kana ganin wahalar banza nake yi, ka faɗa mini kai tsaye, ba zan ji haushi ba.

Amma wadda ta fi gaggawa ita ce ta cikin lita 60 ɗin nan. In nema mata babban tanki nata na kanta, ko in ba wani mai wuri ita? 'Yata ta riga ta raɗa mata suna, ta kuma ce ba inda za ta.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka, mai karatu a kullum.