Uwata, ki duba hannun kafin ki ɗauki aska

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da abokan karatunki na Yamai. Mu nan Tawa lafiya lau, sai godiyar Allah.

Innarki ta gaya mini an maida ke sashen gyaran hannu da fuska, har malamanki sun fara barin ki ki riƙe aska. Na yi farin ciki ƙwarai, Allah ya sa albarka. Akwai maganar da ke cina tun ranar, kuma ba ta waya ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta. Kin fi ni karatu, Uwata, amma na daɗe ina majo a ɗakin fiɗa, ina tsaye kusa da likitoci ina miƙa musu kayan aiki, kuma mai miƙa kaya yakan ga abubuwa da yawa.

Maganar a kan wata siririyar tsoka ce ta damtse, wadda littattafanku ke kira falmaris longus. Tana tasowa daga ƙashin gwiwar hannu ta gefen ciki. Namanta gajere ne, sai doguwar agara ta miƙe ƙarƙashin fata, ta ratsa tsakiyar wuyan hannu, ta baje cikin tafi. Ajiye takardar nan ki gwada a jikinki: haɗa babban yatsa da ƙaramin, ki ɗan lanƙwasa wuyan hannun. In kina da ita, za ta taso a tsakiya ki gan ta ƙuru-ƙuru. Gwajin Schaeffer ke nan, ana yin sa tun 1909. Aikinta bai taka kara ya karya ba, don tsokoki biyu da ke gefenta sun fi ta ƙarfin lanƙwasa wuyan hannu nesa ba kusa ba. An auna ƙarfin damƙar masu ita da marasa ita, ba a ga bambancin kirki ba. Wannan ne ya sa likitocin fiɗa suka maida ta wurin aro: ga tsawo, yawanci santimita 10 zuwa 15, ga ta kusa da fata, kuma in an cire ta mai hannu bai rasa komai ba.

Na san za a ba ki labarin Tommy John, ɗan wasan besbol na Amurka wanda jijiyar da ke riƙe gwiwar hannunsa na hagu ta tsinke. A 1974 likita Frank Jobe ya ciro wannan agara daga damtsensa na dama ya ɗaure masa gwiwar da ita. Ya koma fili a 1976, bai bar wasa ba sai 1989, kuma har yau da sunansa ake kiran aikin. Labari ne mai daɗi, amma ba irin waɗannan za su cika miki layi ba. Naki su ne manomin da lauje ya sara a lokacin girbi, yaron da injin niƙa ya kama, ɗan kabu-kabun da gilas ya yanka, da matar da wuƙa ta suɓuce mata ranar Layya.

Ina tuna wani saurayi, yaron mahauta, da ya zo mana wata uku bayan Sallah. Ciwon ya warke sarai, sai ɗan tabo a gindin yatsan tsakiya. Da aka ce ya dunƙule hannu, yatsu huɗu suka kwanta, ɗayan ya tsaya a miƙe. Agarar yatsan ta tsinke tun ranar, bakinta ya janye ya koma cikin tafi, tsokar ta taƙure, ba sauran damar haɗa baki da baki a ɗinke. Irin wannan sai dasawa. Wani lokaci ma aiki biyu ne: a fara shimfiɗa siririn roba na silikon a hanyar agarar, a bar shi kamar wata uku jiki ya yi masa kube mai santsi, sannan a zare shi a zura agarar aro. Mutanenmu ba su cika zuwa da wuri ba. Sai an sha magani, an ɗaure, an jira, ga nisa, ga kuɗin mota. Don haka za ki nemi agarar aro fiye da yadda littafin da aka rubuta a Faransa ke zato.

To ga inda gizo ke saƙar. Ba kowa Allah ya yi wa wannan tsoka ba. Tun 1559 wani masanin jikin ɗan Adam na Italiya, Realdo Colombo, ya rubuta cewa akan rasa ta. Adadin da aka fi ambata shi ne kashi 14 zuwa 15 cikin 100 na mutane, amma al'umma ta bambanta da al'umma. Wani bincike a kudancin Turkiyya ya samu fiye da kashi 60. A wajen ƴan asalin Sin bai kai kashi 5 ba. A Legas, cikin Yarbawa, kusan kashi 7 ne, a Yuganda kuwa kusan kashi 1. Wani yana da ita a hannu ɗaya, ɗayan babu.

Mai karatu zai ga wannan lissafi ya ce ashe mu baƙar fata mun huta. Ni kuwa nan ne tsorona yake. Likitan da ke aiki inda rabin mutane ba su da ita ba zai taɓa mantawa ya duba ba. Wanda ya buɗe hannu bayan hannu yana tarar da ita kullum, shi ne wata rana zai daina dubawa. Kuma lissafin Legas ba zai gaya miki abin da ke cikin damtsen Ba'adare ko Bazabarme ko Buzu ko Bafillatanin da ke kwance gabanki ba. Mutum ɗaya ne a kan tebur, ko yana da ita ko ba shi da ita.

Kin san abin da ke kwance dab da ita, ta ƙasa, ɗan karkace wajen babban yatsa: jijiyar tsakiya, wadda ke kai ji ga babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na zobe, kuma ita ke sa babban yatsa ya juyo ya sadu da sauran. In agarar ba ta nan, wannan jijiya ce abu mai tsawo na farko da za ki ci karo da shi a tsakiyar wuyan hannu. An ɗaure damtse jini ya tsaya, komai ya yi fari, yankan ɗan ƙarami ne, agogo na tafiya. Likitoci a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki sun ciro jijiyar nan suna tsammanin agara ce, an rubuta hakan ba sau ɗaya ba. Ki tsaya ki yi tunanin mai hannun. Ya zo a gyara masa yatsa ɗaya, ya farka ba ya jin uku da rabi. Tela ba zai ƙara riƙe allura yadda ya saba ba, tsoho ba zai ji ƙwayar tasbaha tana wucewa ba, wuta za ta ƙone mace a madafa ba ta sani ba. Ko an yi dashen jijiya daga baya, da wuya ji ya dawo yadda yake. Kama da wane ba ta wane, Uwata.

Don haka ga abin da nake roƙon ki. Ki duba hannun mutum yana farke, tun kafin a sa masa maganin barci, don wanda ya yi barci ba zai haɗa miki yatsu ba. Ki duba hannu biyun. In mai jiki ne, ko wanda babban yatsansa ya mutu ba ya iya gwajin, ki sa ya lanƙwasa wuyan hannu ke kina tare shi, ki laluba da yatsanki. In har yanzu zuciyarki ba ta kwanta ba, ki kai shi hoton eko, na'urar da ke nuna cikin jiki. Akwai wani tsohon likita da na yi aiki da shi, Allah ya jiƙansa, ba ya shiga ɗakin fiɗa sai ya zauna bakin gadon majinyaci da alƙalami ya ja layi a kan agarar tun daga wuyan hannu zuwa tsakiyar damtse. Matasa sukan ga kamar ɓata lokaci ne. Bai taɓa fasawa ba.

In kin buɗe, kada ki yanke komai sai kin gane shi da ido. Agara fara ce sol, tana ƙyalli a ƙarƙashin fitila, a baje take, tana da tauri. Jijiya tana da ɗan rawaya-rawaya, ba ta ƙyalli, ta fi taushi, kuma in kin kula za ki ga ɗan siririn jan layi na jini yana bin bayanta. Ki sa ƙugiya ki ɗaga a hankali. In agarar ce, fatar tafi za ta motsa, kuma za ki ga layinta ya taso a damtse har sama. Ki ƙara ɗan yanka na biyu can sama, ki bi ta har ki ga inda ta shiga jan nama. Ba na son ƙarfen nan mai zobe na zare agara da ake turawa a makance, sai a hannun wanda ya riga ya tabbatar da abin da ya kama. Ki kuma tuna da ƙaramin reshen jijiyar da ke kai ji ga tafi, yana bi tsakanin agarar da maƙwabciyarta ta gefen babban yatsa. In an yanke shi yakan bar ɗan ƙulli mai zafi da zai dami mutum shekaru.

Ko tana nan ma, ba kullum take da siffar littafi ba. Wata biyu ce, wata ta rabu a ƙasa, wata namanta a tsakiya, wata siririya ce har ba ta isa aiki. Akwai wadda take a juye, agarar a sama, naman a wuyan hannu. Mai irin wannan yakan zo da kumburi da ke tasowa in ya yi aikin ƙarfi, wani lokaci da mutuwar yatsu saboda naman na danne jijiya, sai a ɗauka ƙari ne. In ba ki samu abin da kike so ba, kada ki matsa. Akwai wata agarar, falantaris, a ƙafa, ta fi ta tsawo, ko da yake ita ma wasu ba su da ita. Akwai agarar yatsun ƙafa. Ki shirya wannan tun kafin aiki, a wanke ƙafar a rufe, kuma majinyaci ya san da zancen.

Aikin fuska kuwa, a nan nake ganin agarar nan ta fi yi wa ƙasarmu amfani. Kin taso kina ganin yaran da cutar noma ta zaizaye wa baki, cutar yunwa da talauci, wadda sai a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. In leɓe ya tafi gaba ɗaya, ɗaya daga cikin hanyoyin shi ne a ɗauko fatar damtse da jijiyar jininta, dabarar da likitocin Sin suka bayyana a 1981, a haɗo da agarar, a ɗaure bakinta biyu a gefen baki don sabon leɓen ya rataya a kanta, miyau ya daina zuba. Da ita ake ɗaga fatar ido da ta faɗi, da ita ake tallafe kusurwar bakin da ya shanye. Ga wanda babban yatsansa ya daina tasowa, akan juya ta a ɗaura masa, aikin Camitz na 1929. Masu gyaran hannun da kuturta ta nannaɗe ma suna amfani da ita. Kafin ki taɓa jijiyar jinin damtse, ki yi gwajin Allen, ki tabbatar ɗayar jijiyar jinin za ta iya ciyar da hannun ita kaɗai.

Saura maganar mai hannu. Mutanenmu ba su ɗauki cire wani abu daga jiki da wasa ba, kuma suna da gaskiya, jiki amana ne. Kada ki miƙa wa dattijo takarda da Faransanci ki ce ya dangwala. Ki zauna, ki kama hannunsa, ki sa ya haɗa yatsu ya ga agarar da idonsa, ki ce: Baba, wannan za mu ara, daga jikinka zuwa jikinka, ba na wani ba, kuma ƙarfinka ba zai ragu ba. In yarinya ce, ki yi wa uwarta bayani da kanki, da Hausa ko Zabarmanci, kada ki bar wa mai gadi ko ɗan rakiya. Ki gaya musu za a ga tabo biyu ko uku a damtse, don kada su farka su ga yanka inda ba ciwo su ce an cuce su.

Ki kuma tambayi wane wata ne a wurinsa. Agarar da aka dasa tana son makonni a cikin abin tallafi, da motsa yatsa a hankali wajen masu gashin ƙashi, kuma sai an yi kamar wata uku kafin ta ɗauki aikin ƙarfi. Manomin da kika yi wa aiki gab da faɗuwar damina, ranar da ruwa ya sauka zai kwance ɗaurin ya ɗauki hauya, ko me kika ce masa, don ba mai yi masa shuka. Mai albasar Galmi shi kuma lokacin sanyi ne ba ya zama. Tunda aikin dasawa ba na gaggawa ba ne, ki zaɓi lokacin tare da shi, ki tambaye shi inda zai sauka a Yamai da wanda zai ciyar da shi har ya gama zuwa gashi.

Innarki na gaishe ki, ta ba direba ƙullin kilishi da yaji, ki aika a karɓa a tasha ranar Alhamis. Ki gaida malamanki. Allah ya yi miki albarka, ya tsare hannunki.

Wassalam,
Babanki
Tawa