Takardar Koke Ga Mai Girma Hakimi Kan Samar Wa Ɗaliban Sakandare Ɗakin Kallon Darussa

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Mai Girma Dagaci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ban girma, mu iyayen ɗaliban sakandaren garin nan ne, maza da mata, tare da wasu malamai da tsofaffin ɗalibai. Mun shawarta a tsakaninmu, muka ga babu inda ya dace mu kai kukanmu sai fada.

Yaranmu na ajin kimiyya suna shiga jarrabawar WAEC da NECO, kuma a cikinta akwai takardar gwaji ta kemistiri da fizik da bayoloji. Ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu kuwa ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru. Malami zai zana kwalba a allo, ya ce idan aka ɗiga asid a cikin wannan ruwa mai launin rawaya, akwai ɗigo guda da zai juya shi ya yi ja-ja, to nan ake tsayawa a karanta awo. Yaro ya haddace wannan kamar karatun allo, amma idonsa bai taɓa gani ba. Ranar jarrabawa aka ɗora masa kayan a gaba, hannu na rawa, ya zarce ɗigon, lissafi ya lalace. Haka suke haddace cewa zuciya ɗakuna huɗu gare ta ba tare da sun ga yadda jini ke shiga yana fita ba. Waɗannan su ne muke fatan su zama ma'aikatan jinya da ungozomomin asibitinmu.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne karatu kansa. Akwai 'ya'yanmu a ƙaramar sakandare da ba sa iya karanta layi biyu a jere, ko da Hausa, balle Turancin da ake yin tambayoyi da shi. Yaron da ya kai wannan shekaru kunya yake ji ya ce bai iya ba, sai ya lafe a bayan aji har shekara ta ƙare. Ga shi tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, inda ɗalibi zai karanta tambaya a fuskar na'ura agogo na tafiya.

Allah ya ja zamaninka, darussan da za su rage wannan giɓi suna nan a bidiyo, an riga an shirya su. A watan Maris na 2022 Gwamnatin Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, dandalin koyo na kyauta a intanet da aka tsara bisa manhajar makarantunmu. Akwai kuma darussan Khan Academy na lissafi da kimiyya, su ma kyauta. Amfanin bidiyo shi ne ana iya tsayar da shi, a mayar baya, a maimaita sau goma, ba ya gajiya kuma ba ya yi wa yaro tsawa. Wanda ke koyon karatu yana ganin harafi yana jin sautinsa a lokaci guda, har ya bambance ɓ da b, ƙ da k. Amma 'ya'yan masu babbar waya da kuɗin data kaɗai ke cin wannan gajiya. Mun ga haka a 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Dattawanmu suna tuna majigi da ake kafawa a ƙofar fada da dare, a nuna wa jama'a tsabta da noma. Yau ma gidajen kallon ƙwallo cike suke da samarinmu, inji na ruri har tsakar dare. Ba ƙarar masu gidajen kallo muka kawo ba, sana'arsu suke yi, amma sun nuna mana cewa abin yana yiwuwa a garin nan.

Saboda haka muke roƙon Mai Girma ya sa baki wurin Shugaban Ƙaramar Hukuma da ofishin ilimi na shiyya, a ware aji ɗaya mai ƙofa da taga masu ƙwari, a sa masa babban talabijin da sola da batir. A sauke darussan a filasha sau ɗaya, don kada rashin sabis ya tsayar da karatu. Muna roƙon kada a kunna bidiyo sai da malami a ɗakin, wanda zai tsayar ya fassara da Hausa, ya yi tambaya, domin na'ura ba ta san wanda bai gane ba. Kuma kada wannan ya sa a manta da gyaran ɗakin gwaje-gwaje, don kallo ba zai maye gurbin riƙe kwalba da hannu ba.

Game da 'yan mata, iyayensu mata sun dage a rubuta wannan: lokacinsu ya zama daban, da rana, a tashi kafin la'asar don kada ya ci karo da Islamiyya, kuma malama ta zauna da su. Idan aka sa shi da dare, babu uwar da za ta bar 'yarta ta fita.

Mu ma ba mu zo hannu rabbana ba. Ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauki nauyin maigadi da ruwan batir da ƙananan gyare-gyare, wasu tsofaffin ɗalibai kuma za su riƙa zama da masu koyon karatu ranar Asabar da Lahadi. Muna roƙon fada ta naɗa dattijo ɗaya cikin kwamitin da zai riƙe makulli, ya kuma duba abin da za a nuna wa yara kafin a nuna.

Idan Mai Girma ya ba mu rana, wakilanmu za su zo fada da waya su nuna masa darasi ɗaya ya gani da idonsa.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da nisan kwana, amin.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Iyayen ɗalibai, malamai da tsofaffin ɗaliban makarantar sakandaren garinmu.