Wasiƙa zuwa ga 'yata kan Hausar yara

'Yata,

Ina gaishe ki da maigidanki da yara.

Ƙanwarki ta dawo da labarin da ya hana ni barci. Wai ranar da kuka taru da sauran iyalai a can ƙasar waje, yara sun cika falo, kowa na jin Hausa, amma ba mai yin ta sai in babba ya kira shi. Har angona ya ce wa ƙanwarsa kada ta ƙara yi masa Hausa gaban abokansa.

Wannan maganar tasa ce ta tsaya mini a rai. Kunya ke fara kama yaro, mantuwa ta biyo baya. Da ya shiga makaranta yana ɗan shekara 4 ko 5, harshen wasa ke danne na gida, kuma harshen da aka ƙulla abota da shi ba ya sauyawa da sauƙi. Babban yaro ya kawo Turanci ɗaki, ƙanana su ɗauka. Masu nazarin iyalan da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun daɗe da lura: iyaye su zo da harshensu, 'ya'ya su riƙe biyu, jikoki su tashi da na ƙasar kaɗai. Naki su ne na biyu, ga shi tun yanzu suna ji ba sa mayarwa.

Taro ba zai gyara ba. Nemo wa angona sa'ansa ɗaya, sabon zuwa, wanda Turanci bai zauna masa a baki ba. Su biyu kawai. Da na uku ya shigo, an koma Turanci. Awa biyu a mako, da ƙwallo ko wani abin yi a hannu. In ya kira 'ya'yan yayanki a bidiyo, ba shi wayar ki fita, kada ki zama tafinta. In ya ce "kafa" maimakon "ƙafa", ko ya ce wa mace "ya zo", saka daidai ɗin cikin amsarki ki wuce. Aka yi masa dariya sau ɗaya gaban aboki, bakin ya rufe ke nan.

Ke ma da laifinki. Ina jin ki a waya, ya yi miki Turanci ki mayar masa da Turanci don sauri. Kada ki ce ni na matsa ku tafi. Na matsa, ban kuma yi da-na-sani ba, amma ban ce a raba ni da hirar jikokina ba.

Na san da gajiyar da kike dawowa gida. Ranar Asabar ki miƙa wa kishiyata wayar, ita kaɗai. Ko kalma biyar za ta haɗa, zan jira ta.

Mahaifiyarki