Wasiƙa zuwa ga ɗana, bayan tafiyar kocinku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu nan gida lafiya lau, sai godiyar Allah. Ummanka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Saƙonka na murya ya iso. Na ji yadda muryarka ta yi rawa da ka zo wurin cewa kocinku na ƙwallon kwando a can Amurka ya tara ku a ɗakin sauya kaya, ya yi magana ta 'yan mintoci, ya ce wata babbar jami'a ta kira shi kuma ya amsa. Ka ce har ka riga ka ga labarin a waya kafin ya faɗa muku da bakinsa. Na gwammace in rubuto maka da in kira, don ka samu abin da za ka sake dubawa idan ranka ya huce.

Ba zan ce maka kada ka ji zafi ba, don mu ma mun ji. Mutumin nan shi ne ya kira mu ta bidiyo lokacin da yake nemanka. Ummanka ta yafa mayafinta ta zauna kusa da ni ina fassara mata, ya dafa ƙirji ya ce zai riƙe ka kamar ɗan cikinsa. A kan wannan maganar ta yarda ka tafi. Tun daga nan, duk daren da kuke da wasa sai ta sa ƙanwarka ta tashe ta ƙarfe ɗaya, ta riƙe waya tana neman lambar rigarka. Ba ta san dokar wasan ba, amma ta san fuskar kocin, ta san lokacin da zai waiwaya ya nuna ka da yatsa ka tashi daga benci. Da na gaya mata ya tafi, tambayarta ta farko ita ce, to wa zai kula da yaron?

Duk da haka ina so ka san abin da ya same ku ba a kanku aka fara ba. Haka sana'ar koci take a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka. Makarantun rukunin farko sun haura 350, kuma abin da babba take biyan kocinta ya ninka na ƙarama sau da yawa. Duk kocin ƙaramar makaranta da ya yi abin a zo a gani a babbar gasar watan Maris, kafin ya koma gida manya sun fara kiran wayarsa.

Ka tuna Saint Peter's a 2022, ai tare muka yi hirarta kafin ka tafi. Ƙaramar jami'a ce a Jersey City, cikin ƙungiyoyi 68 da suka shiga gasar ba wanda ya sa ta a lissafi. Ta fitar da Kentucky, ta fitar da Murray State, ta fitar da Purdue, sai da ta kai cikin takwas na ƙarshe sannan North Carolina ta tsayar da ita. Kwana uku bayan wannan wasan aka sanar da kocinsu Shaheen Holloway a matsayin sabon kocin Seton Hall, makarantar da shi kansa ya buga wa ƙwallo yana ɗalibi. Wa zai ce ya yi laifi? Gida aka kira shi, da albashin da zai sauya rayuwar iyalinsa. Amma dubi yadda yaran suka watse. KC Ndefo ya bi shi Seton Hall. Doug Edert ya tafi Bryant. Tagwayen nan 'yan Mali, Hassan da Fousseyni Drame, suka koma La Salle. Ƙungiyar da duniya ta gama yi wa tafi, kafin kaka ta zagayo ta zama labari.

Abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne inda ka ce ya ja ka gefe, ya ce ka sa sunanka a rajistar masu sauya sheƙa, wato 'yan wasan da ke neman komawa wata makaranta, zai duba ko akwai gurbi a sabon wurinsa. Abba, "zan duba" ba alkawari ba ne. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya faɗa, ban zarge shi da yaudara ba. Sai dai mutumin da ya shiga babban gida ba shi kaɗai yake da ta cewa ba. Akwai masu zuba kuɗi da suke son nasara tun kakar farko, akwai 'yan wasan da ya tarar, akwai kuma waɗanda zai iya ɗaukowa yanzu da a da bai isa ya ko kira su ba. Kana iya bin sa ka tarar da mutum uku a gabanka a matsayin da kake bugawa.

Shi kansa kocin ba tabbas gare shi a can. A 2023 Tobin Anderson ya jagoranci Fairleigh Dickinson ta doke Purdue, abin da ya girgiza ƙasar. Cikin 'yan kwanaki Iona ta ɗauke shi, don ita ma kocinta Rick Pitino ya bar ta ya tafi St. John's. Ka ga yadda abin yake jan juna, babba ya ɗauke na matsakaici, matsakaici ya ɗauke na ƙarami. Kaka biyu kacal Anderson ya yi a Iona, a 2025 suka sallame shi. Yaron da ya tattara kayansa ya bi koci saboda koci kaɗai, ran da aka sallami kocin ina zai sa kansa?

Kada kuma ka yanke wa wanda zai gaje shi hukunci tun ba ka gan shi ba. A 1999 Dan Monson ya kai Gonzaga cikin takwas na ƙarshe, sannan ya tafi Minnesota. Aka ba mataimakinsa Mark Few. Shi ya zauna bai tafi ba, ya mai da wannan ƙaramar makarantar ta zama abin tsoro, har ya kai ta wasan ƙarshe a 2017 da 2021. Ban ce haka naku zai zama ba. Na ce dai ka ba shi dama ya buɗe baki.

Gaskiya ne kuna da 'yancin da na gabanku ba su samu ba. Kafin 2021, galibi ɗan wasan da ya sauya makaranta sai ya zauna shekara guda bai buga ba, alhali koci yana iya tashi yau ya kama aiki gobe. Wannan rashin adalci ne, kuma na ji daɗi da aka gyara. Amma ranar da ka sa sunanka a rajistar nan, makarantarka tana da ikon janye tallafin karatunka a ƙarshen zangon, kuma ba dole ne sabon koci ya karɓe ka ba idan ka ce ka fasa. Da yawa sun shiga ba su samu mai ɗaukarsu ba. Abokinka Ba'amurke idan hakan ta same shi zai koma gidan iyayensa ya jira. Kai bizarka a jikin makaranta take rataye, takardarka ta I-20, wadda bizar ɗalibi ta dogara da ita, sunan makaranta ke kanta. Babu makaranta, babu zama. Kuɗin talla da ake ruɗin yara da shi ma, bizar ɗalibi ba ta sakar maka mara ka ci shi yadda 'yan ƙasa suke ci ba, don haka kada wani dillali ya zo maka da lissafin da ba naka ba. Sauri ya haifi nawa.

Ga abin da nake so ka yi. Kafin komai, je wurin mai ba ku shawara kan karatu, ka roƙe shi ya rubuta maka darussan da ka gama da waɗanda suka rage. Duk makarantar da ta neme ka, ko ta tsohon kocinka ce, ka tura mata wannan takardar ka ce ta faɗa maka a rubuce nawa za ta karɓa. Ba kowace jami'a ke amincewa da duk darussan wata ba, kuma shekara biyun da ka yi kana tashi da asuba cikin sanyin nan ba abin zubarwa ba ne. Ka kuma je ofishin ɗaliban ƙasashen waje ka ji yadda maganar biza za ta kasance. Idan an naɗa sabon koci, ka nemi ganinsa kai kaɗai, ka gaishe shi da ladabi, ka tambaye shi kai tsaye ko kana cikin shirinsa, kuma ko tallafinka yana nan. Idan ya ce ba ya buƙatarka, to a nan tafiya ta zama dole, ba kuma zan hana ka ba. Idan ya ce yana so, ra'ayina shi ne ka zauna ka ƙarasa digirinka inda malamai suka san ka, inda ka riga ka san masallacin Juma'a da inda ake samun naman halal.

Na san burinka NBA ne, babbar gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando ta Amurka, ban kuma taɓa kushe shi ba. Amma kimanin mutum 60 ake zaɓa a shekara daga duk duniya. Masai Ujiri da ya tashi a nan Zariya, a ƙaramar kwaleji ya yi wasa a North Dakota, bai taɓa buga NBA ba, amma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ɗauki kofin NBA a 2019. Ƙofofin wasan nan suna da yawa, kuma mai takardar shaida ya fi samun wadda za a buɗe masa.

Sai maganar bakinka. Na ga abin da wasu abokan wasanka suke rubutawa a Instagram. Kada ka sa hannu a ciki, ko da alamar so ce. Mutumin nan ya ɗauko ka daga inda ba wanda ya san ka, ya koya maka abin da ka iya yau. Ka rubuta masa gajeren saƙo, ka taya shi murna, ka gode masa. Kociyoyi suna tambayar junansu halin yaro kafin su ɗauke shi, amma ko da ba sa yi, haka na rene ka.

Ka yi istihara kafin ka sa hannu a kowace takarda. Idan ka karɓo ta darussan, ka ɗauki hotonta ka turo mini mu duba tare. Ka kira Ummanka ranar Juma'a bayan ka sauko daga masallaci, tana so ta ji daga bakinka cewa kana cin abinci.

Allah Ya yi maka albarka, Ya zaɓa maka mafi alheri.

Mahaifinka,
daga Zariya