Yadda aka koya wa duniya son sigari

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan taba. Duk sanda aka taɓo zancenta, cutar huhu ake ambata, ba a faɗin yadda aka yi ta shiga aljihun mutane.

Asalinta daga nahiyar Amurka ne, can mutanen Columbus suka tarar ana shan hayaƙinta a 1492. Turawa da sunan magani suka fara karɓarta. Jean Nicot, jakadan Faransa a Fotugal, ya aika da ita fadar ƙasarsa, daga sunansa aka samo kalmar nikotin, wato sinadarin taba da ke sa mai sha ya kasa dainawa. A Bajiniya ta Amurka kuwa ganyen ya zama kuɗi, har haraji ake biya da shi, kuma bayin da aka kwaso daga Afirka ne ke noma shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne shekarun 1880, lokacin da James Bonsack ya ƙera injin da ke naɗe kara 200 a minti ɗaya. Haja ta fi masu saye yawa, sai ɗan kasuwa James Duke ya zuba dukiya a talla don mutane su nemi abin da da bai dame su ba. Ana saka ɗan katin hoto a cikin kwali, mai tarawa sai ya sake saye kafin ya cika jerin. A 1929 wani gwanin talla, Edward Bernays, ya shirya wasu 'yan mata suka kunna sigari a bainar jama'a, a wani jerin gwano a New York, masu ɗaukar hoto na jiran su, aka ce alamar 'yancin mata ce. Daga baya har da hoton likita cikin farar riga aka yi talla. Wannan ya fi komai ci mini rai, don mutum ya yarda da likita ne kan lafiyarsa.

Binciken wasu masana biyu na Birtaniya, Doll da Hill, ya danganta sigari da ciwon dajin huhu tun 1950, amma sai 1971 aka daina tallanta a talabijin a Amurka. Kafin nan dabarar ta riga ta yaɗu: a ɗora wa kaya hoton jarumta ko wayewa, a sayar da hoton.

Yayana ya fara zuƙa yana ɗan shekara 16 don a ce ya girma. Yanzu in ya hau matakala biyar sai ya dafa bango yana haki. Shi ya sa gabana ke faɗuwa in na ga sigarin lantarki mai ƙamshin alewa a hannun yara. Don Allah ku tura wakilinku ya bincika mana wa ke tallata musu shi a intanet.

Naku,
Mai karanta ku kullum