Alamomin Yawan Kitse A Jini Da Ke Bayyana A Ido

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin jama'ar Kaduna kan alamomin da ido ke nunawa idan kitse ya yi yawa a jini, waɗanda akasari ake ɗora wa tsufa ko matsalar fata.

Wadda aka fi gani ita ce tabo ruwan ɗorawa mai laushi da ke fitowa a fatar ido ta wajen hanci, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Wasu mata kan rufe shi da hoda, wasu kuma su nemi a kankare musu shi, alhali kankarewar ba ta rage kitsen jini, kuma tabon yakan dawo. Gaskiya ne kusan rabin masu shi jininsu lafiya lau yake, amma gwaji kaɗai ke bambance su da sauran.

Akwai kuma zobe mai launin toka da ke kewaye baƙin ido, wanda mutane ke cewa yana ce. Ba yana ba ce, kuma ba ya rage gani. A idon dattijo abu ne da aka saba, amma idan ya bayyana ga wanda bai kai shekara 45 ba, to ana zargin yawan kolestarol (wani nau'in kitsen jini) na gado, wanda ke samun kusan mutum 1 cikin 250, yake kuma jawo ciwon zuciya tun da ƙuruciya. Shi ya sa idan an tabbatar da shi, ya kamata a gwada 'ya'yan mai shi da 'yan uwansa.

Mafi haɗari ba ta ganuwa a madubi. Idan kitsen da ake kira tiraigilisaraid ya haura miligiram 2,000 a kowace desilita, jijiyoyin jinin bayan ido kan yi fari kamar madara, sai likita ya haska da na'ura zai gani. Yawanci ciwon suga da aka yi sakaci da shi, ko shan barasa, ko gado ne sanadi, kuma mai shi na iya kamuwa da kumburin fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini.

Ina kira ga likitocin Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da masu gwajin tabarau a cikin gari, da su riƙa tura duk wanda suka ga alamar a idonsa gwajin kitsen jini, su kuma sanar da shi cewa ana iya buƙatar ya ƙaurace wa abinci na awa 9 zuwa 12 kafin a ɗebi jinin.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna